Masaƙa a Ƙoƙon Kai: Tarken Waƙoƙin Masana Ƙwaƙwalwa da Waƙoƙin da Aka Yi wa Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da amincewa cewa babu jigon da ya gagari waƙa. An waƙe sarauta, an waƙe talauci, an waƙe doki da jirgin ƙasa da mutuwa. Sai dai akwai jigo guda da ya fita daban, domin shi kaɗai ne wanda mai waƙar da abin da ake waƙewa suke zaune a mazauni ɗaya. Wannan jigo shi ne ƙwaƙwalwa. Duk sha'irin da ya zauna zai tsara mata baiti, da ita zai tsara shi, ita za ta zaɓo masa kalma, ita kuma za ta gaya masa ko baitin ya zauna ko ya karye.

Wannan maƙala za ta dubi rukuni biyu na waƙoƙin da aka rubuta a ƙasashen Turai da Amurka. Rukuni na farko shi ne waƙoƙin da masana ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suka rubuta da kansu. Na biyu kuwa shi ne waƙoƙin da mawaƙa suka yi a kan ƙwaƙwalwa, ko da ba fanninsu ba ne. Mai karatu zai iya zaton cewa wanda ya share shekara arba'in yana feɗe ƙwaƙwalwa shi zai fi kowa iya waƙe ta. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, zancen bai kasance haka ba. Masanan da suka ɗauki alƙalamin waƙa sun kauce wa ƙwaƙwalwa a baitocinsu, fasaharsu ta gaskiya kuwa ta ɓuya a cikin rubutunsu na zube. Waƙoƙin da suka yi armashi sun fito ne daga waɗanda suka tsaya a daidai inda tsokar da ido yake gani da mutumin da yake cewa "ni" suka ƙi haɗuwa.

2.0 Sanin Gani da Sanin Ji

Ba tun fil azal aka yarda cewa a ka tunani yake ba. Aristotal na ƙasar Girka ya ɗauka zuciya ce mazaunin hankali, aikin ƙwaƙwalwa kuwa sanyaya jini ne. Kafin shi, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wani littafi kan farfaɗiya da ake jingina wa Hippocrates ya riga ya bayyana cewa daga ƙwaƙwalwa farin ciki da baƙin ciki suke tasowa. Daga baya Ibn Sina (980–1037) ya rarraba ayyukan tunani a kogunan da ke cikin ƙwaƙwalwa: na gaba yana tattara abin da ido da kunne da sauran gaɓoɓi suka kawo, na tsakiya yana jujjuya shi, na baya yana taskace shi.

Ibn Sina ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ma ya waƙe likitanci. Ya tsara wata urjuza mai baiti fiye da 1,300, wadda Ibn Rushd ya yi wa sharhi, aka kuma fassara ta zuwa Latin har ta yi zamani a makarantun Turai. Wannan irin waƙa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san zaurukan karatu, inda ake haddace nahawu da fiƙihu a cikin baitoci. Waƙar ilmantarwa ce, ma'auninta kuwa shi ne ko ta taimaki ɗalibi ya riƙe darasi. Tana da darajarta, amma ba ita ake nema a wannan nazari ba. Abin da ake nema shi ne waƙar da take sa mai sauraro ya ji wani abu game da ƙwaƙwalwa wanda darasi ba zai iya gaya masa ba.

Dalilin wannan bambanci a fili yake. Akwai hanya biyu ta sanin ƙwaƙwalwa. Ta farko ita ce sanin gani: a buɗe ƙoƙon kai, a auna, a ƙirga. Ta wannan hanya aka san cewa nauyinta a jikin baligi yana kai wa wajen kilo 1.4, cewa tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin jiki alhali ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa ba, cewa kuma, bisa ƙidayar da aka buga a 2009, tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Ta biyu ita ce sanin ji: yadda mutum yake jin tsoro ko kunya ko tunawa da muryar mahaifiyarsa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage gani bai taɓa korar ji ba. Likita zai iya kallon ƙwaƙwalwar majinyaci tsawon yini, ba zai hango kewar gida a cikinta ba. Wani abin mamaki ma shi ne, tsokar ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi, shi ya sa ake iya yi mata aiki mutum yana farke yana magana. Wato gaɓar da ake jin komai da ita ba ta jin kanta. A wannan giɓi waƙa take samun wurin tsayawa, da shi kuma za a auna waƙoƙin da ke tafe.

3.0 Masanan da Suka Ɗauki Alƙalamin Waƙa

Babban misali a nan shi ne Charles Sherrington (1857–1952), shehin malami a Jami'ar Oksfod ta Ingila. Shi ne a 1897 ya shigar da kalmar sinafs cikin ilimin likitanci, wato mahaɗar da ƙwayar saƙo take miƙa wa 'yar'uwarta labari. A 1932 ya sami lambar Nobel tare da Edgar Adrian. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1925, ya buga diwaninsa mai suna The Assaying of Brabantius and Other Verse. Wanda ya buɗe diwanin da fatan ganin jijiya ta zama baiti zai rufe shi bai samu ba. Jigoginsa su ne waɗanda kowane mawaƙin Ingila na zamanin yake taɓawa, da inuwar Yaƙin Duniya na Ɗaya a kansu. Salon kuwa tsohon yayi ne, cike da kalmomin da Turawan Ingila suka daina furtawa a bakinsu tun da daɗewa. In an lura, shekara uku kafin nan, a 1922, T. S. Eliot ya riga ya fitar da The Waste Land, wadda ta sauya wa waƙar Ingilishi alƙibla. Ke nan mutumin da yake kan gaba a ɗakin bincike, a fagen waƙa yana can sahun baya yana sanye da rigar aro.

Labarin Henry Head (1861–1940) ya fi wannan ɗaukar hankali. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma Head ya miƙa hannunsa da kansa. A watan Afrilu na 1903 ya sa aka yanke masa jijiyoyin ji guda biyu a hannunsa na hagu, aka sake ɗinke su, don kawai ya gane yadda ji yake dawowa bayan rauni. Fiye da shekara huɗu yana zuwa Kambirij, ya rufe ido, abokinsa W. H. R. Rivers yana taɓa hannun da auduga da allura da ruwan zafi da na sanyi, shi kuma yana faɗin abin da ya ji. Da wuya a sami mutumin da ya haɗa sanin gani da sanin ji a jiki ɗaya kamar wannan. Amma a rahoton da suka buga a 1908, Head bai fito a matsayin mai magana ba. Da harafin farko na sunansa kawai ake ambatonsa, tamkar wani ne daban. Da kuma ya buga diwaninsa, Destroyers and Other Verses, a 1919, sai ya karkata ga yaƙi, da takaicin dattijon da yake zaune a gida matasa suna mutuwa a fagen fama. Waƙoƙi ne na gaskiya da tausayi, babu mai musun haka. Sai dai ba a tuna diwanin da labarin hannun nan da ya mutu ya farfaɗo a gaban idon mai shi, alhali shi ne abin da Head ya sani wanda babu wani mawaƙi a duniya da ya sani.

Haka kuma Warren McCulloch (1898–1969) na Amurka, wanda maƙalar da ya rubuta da Walter Pitts a 1943 ta zama ɗaya daga harsasan kwamfutocin da ke kwaikwayon ƙwaƙwalwa a yau. Idan ya juya ga waƙa, zubin sonet yake ɗauka, wato tsohon zubin nan mai ɗango goma sha huɗu da Turawa suka gada tun ɗaruruwan shekaru.

Me ya jawo haka? Ana iya kawo dalilai uku. Na farko, waɗannan mutane sun ɗauki waƙa wurin shan iska ne bayan aiki, wanda kuwa ya wuni a maƙera ba ya son jin ƙarar guduma da dare. Na biyu, tarbiyyar ɗakin bincike takan hori mutum ya cire kansa daga cikin zance, ita kuwa waƙa ba ta tashi sai da mai magana. Na uku, sun koyi abin da ake kira waƙa tun suna yara a makaranta, suka tafi da wannan hoto har tsufa, ba su sake waiwayarsa ba kamar yadda suke waiwayar ra'ayoyinsu na kimiyya kullum.

Akwai misali guda da ya ƙara fito da dalili na biyu. Silas Weir Mitchell (1829–1914), likitan jijiyoyi a birnin Filadelfiya, ya kula da sojojin da aka yanke wa hannu ko ƙafa a yaƙin basasar Amurka. Ya lura cewa da yawansu suna ci gaba da jin gaɓar da aka yanke, har da ƙaiƙayi da zogi a yatsun da aka riga aka binne. Mitchell ya buga waƙoƙi masu yawa, kusan duka an manta da su. Amma wannan abu da ya gano, kafin ya bayyana shi da sunansa na likita a 1871, sai da ya fara fitar da shi a 1866 a cikin wani ƙagaggen labari, The Case of George Dedlow, wanda ya buga ba tare da sa sunansa ba, inda sojan da kansa yake ba da labari. Mutane suka ɗauka da gaske ne, har wasu suka aika da gudummawa. Wannan ya nuna cewa akwai ilimin da ba ya faɗuwa sai da bakin mai shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4.0 Inda Fasahar Masana ta Ɓuya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa waɗannan masana ba su da fasaha. Suna da ita, amma a zube ta fito, lokacin da aiki ya matsa musu su bayyana abin da babu kalmarsa.

Santiago Ramón y Cajal (1852–1934) na ƙasar Sifen ya so ya zama mai zane tun yana yaro, mahaifinsa ya hana shi, har ya kai shi koyon aski da dukanci. A 1887 ya ga wata dabarar rina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa, wadda Camillo Golgi na Italiya ya ƙirƙiro a 1873. Golgi ya yi imani cewa ƙwaƙwalwa raga ce guda ɗaya wadda ba ta da tsinkewa. Cajal kuwa ya duba da rinin nan na Golgi, ya ce kowace ƙwaya zaman kanta take yi, kusantar juna kawai suke yi ba tare da sun narke cikin juna ba. Aka ba su lambar Nobel tare a 1906, suna kan saɓaninsu, sai a shekarun 1950 madubin lantarki ya nuna ɗan giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin, ya gaskata Cajal.

Abin lura ga manazarcin adabi shi ne yadda Cajal ya kai ga wannan. A littafin tarihin rayuwarsa ya kamanta ƙwaƙwalwar babba da kurmin da ya sarƙe, ya ce maimakon ya kutsa cikinsa gara ya koma ga dashen da bai girma ba, wato ƙwaƙwalwar tayi da ta 'yan tsaki, inda kowane reshe yake a fili. Ya kuma siffanta wasu ƙwayoyin da malam-buɗe-littafi. A nan kamantawa ba ado ba ce da aka yaɓa bayan an gama gini. Ita ce ta nuna masa inda zai sa wuƙa. Wannan shi ne matsayi mafi girma da adon harshe yake iya kaiwa, wato ya zama kayan aikin tunani.

Shi ma Sherrington, fasahar da ta kuɓuce masa a diwani ta same shi a littafinsa Man on His Nature na 1940, wanda ya samo asali daga laccocin da ya gabatar a Edinburgh a 1937 da 1938. A wani wuri yana son ya nuna abin da ke faruwa a ka lokacin da mai barci yake farkawa. Sai ya nemi mai karatu ya ɗauka kowane saƙo ɗigon haske ne. Cikin barci hasken tsilli-tsilli ne, da farkawa kuwa sai ya yawaita kamar taurari, daga nan ya siffanta ƙwaƙwalwar da masaƙa mai ƙoshiya miliyoyi, wadda zanen da take fitarwa yake da ma'ana amma ba ya tabbata. Wannan siffantawa ta rayu, masana suna ta maimaita ta har yau, alhali da wuya a sami mai iya kawo baiti ɗaya daga diwaninsa. Dalilin rayuwarta shi ne ta riƙe ɓangarorin biyu a lokaci guda. Ƙoshiya da zare na mai gani ne, ma'anar zanen kuwa ta mai ji ce. Rauninta ɗaya ne, shi ne kowace masaƙa tana da masaƙi a zaune a bayanta, Sherrington kuwa bai nuna mana shi ba. Bai ɓoye wannan ba, domin littafin nasa gaba ɗaya kokawa ce da wannan tambaya.

5.0 Mawaƙan da Suka Tunkari Ƙwaƙwalwa

Emily Dickinson (1830–1886) ta garin Amherst a Amurka ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800, waɗanda ƙalilan ne aka buga tana raye. Ba ta sa wa waƙoƙinta suna, shi ya sa ake kiran su da lamba. Biyu daga ciki, waɗanda ta rubuta a farkon shekarun 1860, sun shafi wannan nazari.

A waƙa ta 632, bisa lissafin bugun Thomas Johnson na 1955, baiti uku ne, kowanne gwaji ne. Ta gwada ƙwaƙwalwa da sama a faɗi, ta gwada ta da teku a zurfi, a duka biyun ƙwaƙwalwa ta rinjaya domin tana iya ɗauke su a cikinta. A baiti na uku ta kai gwajin ga Ubangiji, abin da mai karatu Musulmi ba zai bi ta a kansa ba, ko a ƙasarta ma manazarta sun yi ta saɓani kan abin da take nufi. Abin da ya shafe mu shi ne zaɓen kalma. Tana iya cewa hankali ko tunani, amma ta zaɓi sunan tsokar da ake iya ɗauka a tafin hannu, sannan ta yi amfani da aikatau irin na 'yan kasuwa, na jerawa da ɗagawa da aunawa. Ƙarfin waƙar yana cikin wannan karo tsakanin ƙanƙantar abin da girman abin da ya ƙunsa. Ba mamaki da masanin kimiyya Gerald Edelman ya ari sunan littafinsa na 2004 kan wayewar kai daga wannan waƙa.

Waƙa ta 280 ta fi waccan nauyi. Jana'iza ake yi, amma a cikin ƙwaƙwalwar mai magana. A baitoci biyar ɗin babu abin da aka nuna wa ido, komai ta kunne da jiki yake shigowa: takun masu makoki, kiɗa mai maimaita kansa, ƙarar ɗaukar akwatin gawa, ƙararrawa, sannan abin da hankali yake tsaye a kai ya karye, mai maganar ta rufta. Karin waƙar irin na waƙoƙin coci ne da ta saba ji, mai tafiya daidai wa daida, wannan daidaito kuwa shi ya ƙara tsananta firgicin. Dickinson ba ta san sinafs ba, ta rasu shekara goma sha ɗaya kafin a raɗa sunan. Duk da haka ta bayyana rushewar hankali daga ciki, ta hanyar da rahoton asibiti ba ya iyawa.

Dannie Abse (1923–2014), ɗan yankin Wales, likitan ƙirji ne kuma mawaƙi. Waƙarsa In the Theatre ta ginu a kan abin da yayansa Wilfred ya gani da idonsa a ɗakin tiyata a 1938. A lokacin babu na'urar ɗaukar hoton cikin kai irin wadda aka fara gwadawa a Landan a 1971, saboda haka gano inda ƙari yake a ƙwaƙwalwa aikin lalube ne. Majinyacin yana farke, allurar kashe zafi kawai aka yi masa. Likita yana ta lalube da yatsa, lokaci yana tafiya, ɓarna tana ƙaruwa, sai wata murya ta fito daga bakin majinyacin tana neman likitan ya rabu da ruhinsa. Muryar ta yi ta raguwa har ta ɗauke, mutumin ya cika.

Ta fuskar salo, abin yabo a nan shi ne kamewar mawaƙin. Bai tsaya yin wa'azi ba, bai kuma yanke hukunci kan ko ruhi ne ya yi magana ko tsoka ce da aka dama ba. Ya ajiye yatsan likita da muryar majinyaci a ɗaki ɗaya, ya bar mai karatu da su. A ganina wannan ita ce waƙar da ta fi kowace cika ma'aunin da aka kafa a sashe na biyu, domin sanin gani da sanin ji sun yi gaba da gaba a cikinta, babu wanda ya kori wani. Ya kamata a lura kuma cewa Abse likita ne, amma ba ƙwaƙwalwa ce fanninsa ba. Ya san isasshen abin da zai hana shi yin kuskure, bai kuma saba da ita har mamakinta ya fita daga ransa ba.

Na ƙarshe shi ne Tomas Tranströmer (1931–2015) na ƙasar Suwidin, wanda ya yi aiki a matsayin masanin halayyar ɗan'adam. A doguwar waƙarsa Östersjöar ta 1974 ya kawo labarin wani mai tsara kiɗa da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke masa, amma kiɗa bai bar shi ba. Shekara goma sha shida bayan haka, a 1990, irin wannan ciwo ya sami mawaƙin kansa. Ya rayu sauran shekarunsa da 'yan kalmomi kaɗan a baki, yana kaɗa fiyano da hannun hagu, matarsa Monica tana taya shi isar da nufinsa. Ya fitar da diwani a 1996, da wani a 2004 wanda akasarinsa haiku ne, wato zubin Japanawa mai ɗango uku. A 2011 aka ba shi lambar Nobel. A nan wajibi ne mai tarke ya yi hattara. Abu ne mai sauƙi a ce ciwon ne ya gajarta masa waƙa, alhali tun 1959 ya rubuta haiku. Abin da za a iya faɗa shi ne, lalurar ta tarar da shi da zubin da ya riga ya iya, zubin kuma ya ɗauke shi lokacin da dogon zance ya gagara. Mayar da waƙa alamar cuta zalunci ne ga mawaƙi.

6.0 Abin da Ya Shafi Mai Rubutu da Hausa

Wannan nazari na waƙoƙin wasu ƙasashe ne, amma yana da abin da zai gaya wa ɗalibin da yake gwada alƙalaminsa a wannan mujalla. Harshen Hausa ya raba aikin tunani tsakanin zuciya da kai. Mukan ce zuciyata ta ba ni, ko raina ya ɓaci, amma hadda da ka ake kawo ta, mai hazaƙa kuma kansa ne yake ja. Daɗin daɗawa, siffantawar nan da Sherrington ya yi suna da ita tana cikin bakinmu tun tuni, domin wanda ya yi zugum mukan ce yana saƙe-saƙe, ko yana saƙa da warwara. Ke nan ba ƙarancin kalmomi ne zai hana mu ba.

Ba ƙarancin jigo ba ne kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 50 ne suke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A garuruwanmu akwai yaron da aka cire daga makaranta saboda yana faɗuwa, ana gudun yawunsa alhali ciwon ba a ɗaukarsa. Akwai tsohuwar da gigin tsufa ya sa take tambayar 'yarta ko ita wace ce. Akwai magidancin da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ya kasa kiran sunan ɗansa, amma in aka ɗauko abin da ya haddace tun yana yaro sai bakinsa ya bi. Likitoci sun san wannan, har a 1973 wasu masana a birnin Boston suka gina hanyar jinya a kan rerawa domin maido wa irin waɗannan majinyata magana. Duk waɗannan mutane suna da abin faɗa, kaɗan ne kuwa suke samun mai faɗa musu shi a baiti.

Haɗarin da ke gaban ɗalibi shi ne ya ɗauko littafin kimiyya ya jera sunayen sassan ƙwaƙwalwa, ya sa musu amsa-amo, ya ce ya yi waƙar zamani. Wannan ko urjuzar Ibn Sina bai kai ba, domin ita tana koyar da abin da marubucinta ya ƙware a kai. Haɗari na biyu shi ne na Head, wato mutum ya riƙe a hannunsa abin da shi kaɗai ya sani, ya ajiye shi, ya tafi waƙe abin da kowa yake waƙewa. Ɗaliban likitanci da na jinya da suke karanta wannan mujalla su ne suka fi kusa da wannan haɗari, su ne kuma suka fi kusa da damar.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Sherrington da Head da McCulloch suka san ƙwaƙwalwa fiye da kowa a zamaninsu, amma baitocinsu suka nufi wani wuri cikin tsohon salo. An ga yadda fasaharsu ta bayyana a zube, a kurmin Cajal da masaƙar Sherrington, inda buƙatar bayani ta tilasta musu ƙirƙira. An kuma ga yadda Dickinson da Abse da Tranströmer suka yi nasara saboda sun ƙi sakin ɗaya daga ɓangarorin biyu, tsokar da ake aunawa da mutumin da yake ji. Ilimin ƙwaƙwalwa ya ci gaba ƙwarai tun daga 1938, yau likita yana ganin ƙari a hoto kafin ya taɓa wuƙa. Tambayar da majinyacin nan ya bari a ɗakin tiyata kuwa tana nan yadda take, tana jiran mai tsara ta da Hausa.